Daga ƙasa zuwa %C6%99asa: Yadda Adireshin Intanet Ke Ɗaukar Kalmar Hausa da Inda Yake Ajiye Ta

A hutun da ya gabata na koma gida Takieta domin tattara kalmomin da zan yi aiki da su a kundina na digiri na biyu. Wasu na samo su a tashar mota, inda hanyar Damagaram zuwa Tasawa ta haɗu da wadda ta yi kudu zuwa Matamai, wasu a majalisar dattawa, wasu kuma a bakin iyayenmu mata a tsakar gida. Da littafin rubutuna ya cika, sai wani abokina mai karatun kwamfuta ya haɗa mini ɗan shafi na intanet, yadda malamina da ƴan ajinmu za su rubuta kalma su ga ma'anarta da wurin da na ji ta. Mun gwada da gida, mun gwada da ruwa, mun gwada da hatsi, duk suka fito lafiya. Cikin murna na aika wa malamina adireshin kalmar da na fara shigarwa, wato ƙasa. Amsar da ta dawo gajera ce: adireshin cike yake da lambobi da alamar kashi cikin ɗari, kuma da ya latsa shi an ce masa babu wannan kalma.

Kalmar tana nan, da hannuna na shigar da ita. Abin da ya faru tsakanin wayata da tasa shi ne batun wannan maƙala. Na ga ya dace in kawo shi a mujallarmu domin da yawa daga cikinmu mun fara ajiye bayanan bincikenmu a na'ura, kuma na lura cewa rabin matsalar ba ta masu kwamfuta ba ce, tamu ce ta masu nazarin harshe.

Nahawun jelar adireshi

Mai karatu ya dubi ƙarshen adireshi irin wannan:

/nema?kalma=ƙasa&kari=Damagaram

Abin da ya biyo bayan alamar tambaya shi nake kira jelar adireshi. A nan ne burauza ke rubuta buƙatar mai bincike kafin ta aika wa uwar garke, wato babbar na'urar da ke riƙe da bayanan. Jelar tana da ɗan ƙaramin nahawunta mai tsauri. Alamar ? ita ce iyaka tsakanin sunan shafi da buƙata. Alamar & tana raba buƙata da buƙata, kamar yadda "da" ke yi tsakanin sunaye. Alamar = kuwa tana ɗaure abu biyu: na hagu, wanda zan kira mabuɗi, da na dama, wanda zan kira ƙunshi. A misalinmu akwai mabuɗai biyu, kalma da kari, kowanne da ƙunshinsa.

Tim Berners-Lee ne ya assasa wannan tsarin adireshi lokacin da yake aiki a cibiyar CERN kusa da Janeba, inda ya gabatar da shawarar yanar gizo a 1989. An rubuta ƙa'idojin a takarda mai lamba RFC 1738 a watan Disamba na 1994, sannan aka sabunta su a RFC 3986 a watan Janairu na 2005, wadda shi da Roy Fielding da Larry Masinter suka rubuta. Duka biyun sun dogara ga jerin alamomi 128 da ake kira ASCII, wanda aka tsara a Amurka a 1963 domin rubutun Ingilishi. Daga cikin waɗannan ma, guda 66 kaɗai ke da ƴancin shiga adireshi ba tare da wani sharaɗi ba: manya da ƙananan haruffa 52, lambobi 10, da alamomi huɗu, wato karan ɗori, aya, layin ƙasa da alamar ~. Wasu alamomin an keɓe su domin aikin nahawun da na bayyana. Duk abin da ya rage, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ya sa lulluɓi kafin ya fita.

Yadda ake lulluɓe harafi

Lulluɓin mataki uku ne. Na farko, kowane harafi yana da lambarsa a kundin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Lambar ƙ ita ce U+0199. Na biyu, ana mayar da wannan lamba zuwa bayit-bayit ta tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992. Bayit awo ne na na'ura mai ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. Haruffan ASCII bayit ɗaya ke isar su, namu masu lanƙwasa kuwa bayit biyu-biyu suke ci. Na uku, ana rubuta kowane bayit da ƙirgar sha shida, inda A zuwa F ke tsayawa a matsayin 10 zuwa 15, sannan a sa masa % a gaba. Bayit biyun ƙ su ne 198 da 153. Adadin 198 shi ne sha shida sau 12 da ragowar 6, wato C6. Adadin 153 kuma sha shida sau 9 ne da ragowar 9, wato 99. Ga yadda haruffanmu ke fita:

ɓ ya zama %C9%93, Ɓ ya zama %C6%81
ɗ ya zama %C9%97, Ɗ ya zama %C6%8A
ƙ ya zama %C6%99, Ƙ ya zama %C6%98
ƴ ya zama %C6%B4, Ƴ ya zama %C6%B3

Ɗalibin tsarin sauti zai lura da wani abu: ƙananan ɓ da ɗ sun fara da C9, sauran shidan kuwa da C6. Dalili shi ne Unicode ya zaunar da ƙananan ɓ da ɗ a rukunin alamomin furuci na ƙasa da ƙasa, domin da su ake rubuta haɗiyau, ya ajiye manyansu tare da ƙ da ƴ a wani rukuni na ƙarin haruffan boko. Ke nan uwa da ɗiya ba unguwarsu ɗaya ba. Wannan yana da illa idan mai shirya manhaja ya yi amfani da tsohuwar dabarar mayar da babban harafi ƙarami wadda ta san A zuwa Z kaɗai: za ta mayar da Kano kano, ta bar Ƙasa da babban Ƙ ɗinta.

Lulluɓi yana da tsada. Harafi ɗaya ya zama alamomi shida, shi ya sa ɗanɗano ke komawa %C9%97an%C9%97ano, Maraɗi kuma Mara%C9%97i. A ajami abin ya fi haka, domin kusan kowane baƙi da kowane wasali bayit biyu ne. Idan aka rubuta ƙasa da ƙaf, fataha, sin, fataha da alif, alamomi talatin za a gani a adireshi. Burauzar zamani takan ɓoye wannan, ta nuna wa mutum kalmarsa yadda ya rubuta ta, sai ya kwafi adireshin ya liƙa a saƙo sannan asiri ya tonu.

Akwai kuma ɓarnar da kowa ya taɓa gani ko da bai san sunanta ba. Idan uwar garke ta karɓi bayit C6 da 99, amma ta karanta su da tsohon tsarin Yammacin Turai mai suna Windows-1252, sai ta ɗauki kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Daga nan Æ™asa ta samo asali. Bayit ɗin ba su lalace ba, an dai karanta su da ƙa'idar da ba tasu ba, kamar a ba wanda ya iya Faransanci kaɗai rubutun Hausa ya karanta c ɗin ciki da irin furucinsu.

Jadawalin gurabe

Da buƙata ta isa, uwar garke takan yanyanka jelar a kan & da =, ta yaye wa kowane yanki lulluɓinsa, sannan ta zuba su a wani ma'aji da masana kwamfuta ke kira teburin hash. Ni zan kira shi jadawalin gurabe. Ana danganta asalin dabarar ga Hans Peter Luhn na kamfanin IBM, a wata takarda da ya rubuta a 1953.

Domin a gane shi, a tuna da yadda muke duba ƙamus na takarda, kamar na Bargery na 1934. Mutum yana bin jerin abacada, ya buɗe tsakiya, ya matsa gaba ko baya har ya isa. Idan ya ɗan kuskure rubutun kalmar, idonsa zai faɗa kan maƙwabtanta, sau da yawa ya tsinci abin da yake nema a layi na sama ko na ƙasa. Jadawalin gurabe ba ya bin jeri. Yana da gurabe masu lamba, da wani lissafi da ke niƙa mabuɗi ya fitar da adadi ɗaya, wannan adadin shi ne lambar gurbin da za a ajiye ƙunshi. Ranar nema, sai a sake niƙa mabuɗin, a tafi gurbin kai tsaye. Ko kalmomi goma ne a ciki ko dubu ɗari, tafiyar kusan ɗaya ce, wannan ne ya sa ake son sa.

Bari mu yi lissafin da hannu, da jadawali mai gurabe goma, daga 0 zuwa 9. Niƙanmu mai sauƙi ne: a tara adadin bayit ɗin kalma, a raba da goma, ragowar ita ce gurbi. A tsarin ASCII, k 107 ne, a 97, s 115. Kalmar kasa ta ba da 107 da 97 da 115 da 97, jimla 416, gurbi na 6. Kalmar ƙasa ta ba da 198 da 153 da 97 da 115 da 97, jimla 660, gurbi na 0. Kalmomi biyu da ƴar lanƙwasa kaɗai ta raba sun sauka a wurare marasa alaƙa. Jadawalin bai san cewa k da ƙ ƴan hanɗa ne su biyu ba, ɗaya tsayau ɗaya tunkuɗau. Bai san kama ba, bai san kusa ba. Ko dai bayit sun zo daidai ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa babu.

A ɗan shafina jadawali biyu ne ke aiki a jere. Na farko ɗan ƙarami ne, rayuwarsa ta buƙata ɗaya ce: mabuɗinsa kalma, ƙunshinsa ƙasa. Na biyu shi ne ƙamus ɗin kansa, inda ƙasa ta zama mabuɗi, ma'anarta ta zama ƙunshi. Duk wata ƙura da ta maƙale wa ƙunshin na farko, da ita za a je buɗe na biyu.

Abin da ya same mu ke nan. Abokina ya lulluɓe kalmar sau ɗaya, ta zama %C6%99asa, daidai. Sai wani sashe na manhajar, wanda ke haɗa adireshin da ake aikawa, ya sake lulluɓe ta. Ita kanta alamar % tana cikin waɗanda ake lulluɓewa, lambarta %25, saboda haka abin da ya isa wayar malamina shi ne %25C6%2599asa. Uwar garke ta yaye sau ɗaya kamar yadda aka umarce ta, ta sami %C6%99asa, ta ɗauka kalma ce mai alamomi tara. A niƙanmu na gwaji jimlarta 618 ce, gurbi na 8, inda babu kowa. Gida da ruwa da hatsi sun tsira ne domin babu abin lulluɓewa a jikinsu, ko sau goma aka bi ta kansu ba su canzawa. Na yi ta jin kunya, a ce ɗalibin harshe ya gwada ƙamus na Hausa da kalmomi uku, ko ɗaya babu baƙi mai lanƙwasa.

Gyaran ya tsaya kan ƙa'ida ɗaya: a cikin jadawali kalma ta zauna a sake, yadda ake rubuta ta, lulluɓi kuwa a bakin ƙofa ake sa shi sau ɗaya, a bakin ƙofa ake cire shi sau ɗaya. Kuma yanka ya riga yayewa. Idan aka fara yayewa, %26 da ke tsakiyar ƙunshi zai koma & na gaske, a yanka ƙunshin gida biyu a inda bai kamata ba.

Wannan ya shafe mu fiye da kowa, domin kusan duk alamomin aikinmu keɓaɓɓu ne a adireshi. Muna raba ƙwayoyin ma'ana da +, mu rubuta gida+n. A tsarin da fom-fom na intanet ke bi, + na nufin fili tsakanin kalmomi, saboda haka gida+n da ba a lulluɓe ba zai isa a matsayin "gida n". Sai an rubuta %2B. Muna nuna iyakar kalma da #, alhali a adireshi duk abin da ya biyo bayan # burauza ke riƙe shi, ba ya ma isa uwar garke. Wanda ya nemi #ƙ domin ganin kalmomin da suka fara da ƙ, buƙata wofi ya aika, sai ya sa %23.

Idan biyu suka faɗa gurbi ɗaya

Mai lura zai ce ai saka ma 416 ce, tun da haruffanta su ne na kasa aka juya. Haka ne, kuma saƙa ta faɗa gurbin ƙasa. Wannan shi ake kira karo. Jadawali ba ya ruɗewa da shi: yakan jera masu gurbi ɗaya, ranar nema ya bi su ɗaya-ɗaya yana gwada mabuɗin cikakke. Niƙan gaske ya fi namu wayo, yana la'akari da matsayin kowane harafi. Harshen manhaja na Java, alal misali, yana ninka abin da ya tara da 31 kafin ya ƙara harafi na gaba.

Karo kaɗan ba komai ba ne, mai yawa kuwa makami ne. A watan Disamba na 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Balin, Alexander Klink da Julian Wälde sun nuna cewa mutum zai iya shirya dubban mabuɗai da ya san duk gurbi ɗaya za su faɗa, ya aika su a buƙata guda, uwar garke ta shagala da gwada su har ta kasa kula kowa. Masu harshen PHP sun amsa da sa iyakar mabuɗai 1000 ga kowace buƙata, wasu kuma suka riƙa cuɗa wani ɓoyayyen adadi a cikin niƙan yadda ba a iya hasashen gurbi.

Wani ƙaramin tarko shi ne maimaita mabuɗi. Idan na so in kwatanta karin harshe biyu na rubuta kari=Damagaram&kari=Kano, jadawali mai ƙunshi ɗaya ga kowane mabuɗi dole ya zubar da ɗaya. PHP na ƙarshe yake riƙewa, wasu manhajojin na farko, wasu kuma su tara duka a jeri. Babu wanda ke yi wa mai bincike gargaɗi. Sakamako zai fito tsaf, rabi ne kawai.

Wace kalma ce "ɗaya"?

Duk abin da na faɗa zuwa nan mai kwamfuta zai iya gyara shi ba tare da mu ba. Abin da ke tafe kuwa ba zai iya ba.

A ɗauki kalmar ƴaƴa. Mu a Nijar, bisa ƙa'idojin rubutun da ma'aikatar ilimi ta tabbatar a 1999, da ƴ muke rubuta ta. Ƴan uwanmu na Nijeriya 'y suke rubutawa. Sai dai wannan ƴar alama ta sama ba guda ɗaya ba ce a na'ura. Akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, %27. Akwai lanƙwasasshiya da manhajar rubutu ke sauyawa da kanta, %E2%80%99. Idan a farkon kalma ne, manhajar takan zaci zance za a buɗe, ta juya ta ɗaya gefen, %E2%80%98. Akwai kuma wadda Unicode ya tanada a matsayin harafi, %CA%BC. Ga ido duk ɗaya ne ko kusan ɗaya, ga jadawali mabuɗai ne daban-daban, biyar ke nan idan an haɗa da tamu ƴ. Na shida shi ne na mai gaggawa da ya rubuta yaya kawai, wanda ya faɗa kan yaya ta babban wa ko babbar ya, da yaya ta tambaya. Matsalar alamar ta bi duk kalmar da ke da hamza a tsakiya: sa'a, ma'ana, jami'a.

Sannan ga gadon da muka ci daga zamanin da haruffanmu ba su samuwa a na'ura. Masu buga littattafai sun yi dabarar zana ƙ, ɗ da ɓ a gurbin haruffan da Hausa ba ta amfani da su. A wani salon q ne ƙ, x ne ɗ, v ne ɓ, a wani kuma } ne ƙ, ] ne ɗ. A takarda komai daidai yake fita, amma abin da ke cikin na'ura qasa ne ko }asa. Kundaye da maƙalu masu yawa suna nan a haka, kuma duk wanda ya kwaso kalmomi daga cikinsu ya zuba a jadawali ya kwaso su da wannan tabo.

Sunan garinmu ma bai tsira ba. Ana rubuta Takieta, ana rubuta Takeita, a takardun Faransanci kuma Takiéta. Ita é ɗin nan hanya biyu Unicode ya yarda a rubuta ta: dunƙulalliya, %C3%A9, ko e da alamarta a ware, e%CC%81. Ga wannan kam akwai magani na kowa da kowa, wani tsarin daidaitawa da ake kira NFC, wanda ke dunƙule duk abin da ke dunƙuluwa kafin a ajiye. Ya wajaba ga duk mai sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali a bayanansa, domin à da ā ma hanya biyu-biyu gare su. Amma NFC bai san ƴ da 'y abu ɗaya ba ne, bai san q ɗin qasa ƙ ba ne. Ba ilimin Unicode ba ne wannan, ilimin ƙa'idojin rubutun Hausa ne da tarihinsu, tun daga shigowar haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 da yaɗuwarsu ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980.

A nan ake samun kurakurai biyu masu kishiyantar juna. Mai tsauri ya ce sai wanda ya rubuta daidai zai samu. Wannan ya rufe ƙofa ga mafi yawan mutanen da na tattaro kalmomin daga bakinsu, waɗanda ƴaƴansu ke rubutu da allon Faransanci ko na Ingilishi, babu ƙ a kai. Ban ga laifinsu ba. Mai sassauci kuma ya ce a aske duk lanƙwasa tun wurin ajiya a huta. Wannan ya fi muni, domin ya rushe zubin kamantau da muke koyarwa tun shekarar farko: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, kara da ƙara. Fadar Sarkin Damagaram da faɗan da aka yi a kasuwa sun zama kalma ɗaya. A jadawalin gurabe kuwa, idan mabuɗai biyu suka zama ɗaya sak, na biyu yakan hau kan na farko ya shafe shi, ba ƙara ba sanarwa. Wasu dabarun askin da ake kwafowa daga waje ma ba su san yadda za su yi da ƙ ba, domin a Unicode lanƙwasarta ba alama ce da ake cirewa kamar ta é ba, jikin harafin ce. Sai su jefar da harafin ɗungurungum, ƙasa ta koma asa, ɗa ya koma a.

Abin da muka tsaya a kai shi ne mabuɗi biyu ga kowace kalma, a jadawali biyu. Mabuɗin asali yana riƙe da lanƙwasa da karin sauti da tsawon wasali, an bi da shi ta NFC, an mayar da manyan haruffa ƙanana da dabarar da ta san Ƙ, an mayar da duk nau'o'in alamar hamza guda ɗaya. Shi ne shaidar kalma, ba a taɓa shi. Mabuɗin nema kuwa askakke ne, ƙunshinsa jerin mabuɗan asali ne. Wanda ya rubuta kasa za a jero masa kasa ta gazawa, kasa ta kasa kaya a kasuwa, kasa macijiya, ƙasa da ake takawa, da ƙasa kishiyar sama, ya zaɓa da kansa. Wato mun mayar wa jadawalin maƙwabtakar da ƙamus na takarda ke bayarwa kyauta.

Tsakanin ƴ da 'y, ƴ na zaɓa ta zama ta asali. Wani zai ce son gida ne, amma hujjata ta aiki ce: harafi ɗaya ce, tana da babba da ƙarama, kuma ba a rikita ta da alamar zance. Sauyin dai yana buƙatar hankali. Idan aka umarci na'ura ta mayar da duk alamar da y ya biyo baya zuwa ƴ, ranar da ta ci karo da kalmar yaro an sa ta tsakanin alamomin zance, ƴaro za ta haifar. Mun taƙaita sauyin ga akwatin nema da kalmomin ƙamus, ba mu sake shi cikin dogon matani ba. Mai karatu daga Kano ko Katsina kuwa ana iya nuna masa 'y a fuskar shafi, domin abin da ake nunawa daban, abin da ake ajiyewa daban.

Malamina bai yarda da ni ba a kan karin sauti. A ganinsa, sa shi cikin mabuɗin asali zai sa kalma ɗaya ta rabu biyu duk lokacin da masu rubutawa biyu suka ji ta daban, kuma gara a ba kowace kalma lamba, karin sauti ya zauna cikin ƙunshi. Da na sake duba littafina na tarar da wurare da ni kaina na sa wa kalma ɗaya alama iri biyu a ranaku biyu, saboda haka ina jin hanyarsa zan bi kafin in miƙa kundin.

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a watan Maris na 2025, ana sa ran fom-fom da rajistoci da shafukan nema da Hausa za su ƙaru, kuma kowane ɗayansu zai bi ta jelar adireshi ya sauka a wani jadawali. Sunayen mutane da na garuruwa su ne za su fara shan wahala. Babu lissafin da zai gane cewa Zinder ita ce Damagaram, Tessaoua ita ce Tasawa, Mirriah ita ce Miriya, Matamèye ita ce Matamai. Irin waɗannan da hannu ake jera su, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure su ga mabuɗi guda. Na fara jerin da garuruwan da ke kan hanyarmu, yana bayan littafin da na yi aikin Takieta da shi. Duk ɗalibin da garinsu ke da rubutu fiye da ɗaya, ya rubuto mini su duka yadda ya gan su a allon hanya, a takardar haihuwa da a bakin mutanen garin, ya bar wa masu kula da wannan mujalla, zan karɓa.